Me Kififiya Ke Yi wa Kogi? Fashin Baƙi Kan Kunkurun Ruwa

A ƙarshen 2018 da farkon 2019 kifi ya yi ta mutuwa a kogin Darling, kusa da garin Menindee na ƙasar Ostareliya, har aka ƙiyasta wanda ya mutu da kusan miliyan guda. Fari ne ya tsayar da gudun kogin, gansakuka ta mamaye shi, da ta mutu ta fara ruɓewa sai ta zuƙe iskar oksijin ɗin da ke cikin ruwan. A watan Maris na 2023 aka sake ganin irin wannan a wuri ɗaya, ya ma fi na farko muni. Mutuwar kifin ce ta cika kafafen labarai, alhali rabin masifar ke nan. Mushen kifi in ya kwana biyu a ruwa, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi su ma oksijin suke sha, ga shi yana sakin amoniya wadda guba ce ga kifin da ya tsira. Mutuwar farko sai ta jawo ta biyu. To a kogin da ke da lafiya, wa ke kwashe mushen kafin a kai ga haka?

Wata mai bincike a Jami'ar Sidni, Claudia Santori, ita da abokan aikinta, sun bi diddigin wannan tambaya. Sun ajiye mushen kifi a fadamun kogin Murray suna lura da mai cinsa, sannan suka cika manyan tankuna da ruwa suka zuba mushe, wasu tankunan da kififiya a ciki, wasu babu. Sakamakon ya fito a 2020. Inda akwai kififiya mushen bai daɗe ba, kuma ruwan ya koma yadda yake da wuri. Inda babu ita, ruwan ya daɗe a gurɓace. Abin takaicin shi ne, wani bincike da ya riga wannan ya nuna cewa daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa wajen 2010, yawan kififiyar da ake kamawa a tarkon ƙidaya a wani yanki na Murray ya ragu da kashi 69 cikin ɗari a wani nau'i, da kashi 91 a wani. Mutuwar kifi na ƙaruwa, mai kwashe mushen na ƙarewa.

Dangin da ya fi yawa, amma ba a san shi ba

Nau'in kunkuru a duniya kusan 360 ne. Bakwai kacal ke zaune a teku, su ne kuma ake yawan gani a talabijin. Na tudu zalla ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ragowar, wato mafi rinjaye, na kogi ne da tafki da fadama da kududdufi, ko masu raba rayuwarsu tsakanin ruwa da gaɓa. Inda suka fi yawan nau'i wuri biyu ne: kudu maso gabashin Amurka, musamman kogunan jihar Alabama da maƙwabtanta, da kuma inda kogunan Ganga da Brahmaputra ke gangarowa a Indiya da Bangaladesh.

Masana sun raba kunkuru gida biyu, kuma wuya ne ya raba su. Gida na farko, Cryptodira, suna janye kai kai tsaye zuwa cikin ƙwarya, wuyan ya lanƙwashe a ciki. Gida na biyu, Pleurodira, kwantar da wuyan suke yi gefe guda, su ɓoye kan a ƙarƙashin bakin ƙwaryar. Waɗannan na biyun duk mazauna ruwan daɗi ne, kuma a kudancin duniya ake samunsu: Afirka da Madagaska, Amurka ta Kudu, Ostareliya da Niyu Gini. Wannan rarrabuwa tasu saura ce daga zamanin da waɗannan ƙasashe ke haɗe a matsayin dunƙulalliyar nahiya guda.

A Afirka, dangin Pelomedusa sun fi kowa yaɗuwa. Kififiya ce ta kududdufin damina, wadda in ruwa ya ƙafe take binne kanta a laka ta jira wata shekara. An daɗe ana ɗaukarta nau'i guda, sai a 2014 binciken ƙwayoyin gado ya raba ta gida goma. Akwai 'yan uwanta Pelusios, masu wata gaɓa a ƙwaryar ƙirji da ke rufewa in sun ja kai. Akwai kuma masu taushin ƙwarya, waɗanda fata ce ta lulluɓe bayansu maimakon ɓawo mai tauri, ga dogon wuya da hanci kamar ɗan bututu. Babbarsu a nahiyar ita ce Trionyx triunguis ta kogin Nilu da kogunan Afirka ta Yamma, wadda ke kusan mita guda a tsawo, har cikin tekun Bahar Rum takan shiga.

Sauran nahiyoyi ma kowace da nata abin mamaki. A Amazon akwai matamata, wadda kai da ƙwaryarta suka yi kama da ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace. Kwanciya take yi shiru, kifi na giftawa ta wage baki ta zuƙe shi tare da ruwan. A kudancin ƙasar Amurka akwai Macrochelys, wadda namijinta kan haura kilo 70, tana da wani jan tsoka a kan harshe mai motsi kamar tana, kifi ya biyo shi har cikin baki. A arewacin Ostareliya da kudancin Niyu Gini akwai mai hancin alade, wadda ƙafafunta suka zama filafilai irin na kunkurun teku, ita kaɗai ta rage a danginta duka.

Jikin da ya ba ta damar aikin

Ƙwaryar kunkuru ba wani abu ba ne da yake ɗauke da shi. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka faɗaɗa suka manne, har kafaɗunsa ma a cikin haƙarƙarin suke, abin da babu wata dabba mai ƙashi da ke da irinsa. Tsari ne tsoho ƙwarai. A 2008 aka bayyana wani kwarangwal da aka tono a ƙasar Sin, Odontochelys, mai shekara kusan miliyan 220, yana da ƙwaryar ƙirji da haƙora amma ta baya ba ta kammala ba. Tun da ƙirjin kififiya ba ya buɗewa ya rufe, tsokar ciki ce ke jawo mata iska zuwa huhu.

Huhun nan shi ne sirrin abin da ya faru a tankunan Santori. Kififiya iskar sama take shaƙa. Ranar da oksijin ya ƙare a ruwa kifi ya taso ciki sama, ita ko a jikinta, sai ma ta samu kalaci. Mai kwashe mushe na gaske dole ya kasance wanda abin da ya kashe mushen ba zai kashe shi ba.

Wasu nau'in sun wuce nan ma. Chrysemys picta ta Amurka ta Arewa tana kwana hunturu a ƙarƙashin ƙanƙara, a ruwan da wani lokaci babu oksijin ko kaɗan. Gwaje-gwajen Donald Jackson na Jami'ar Brown sun nuna tana iya wuce kwana 100 a haka in ruwan na wajen digiri 3 a ma'aunin Salshiyas. Takan rage aikin jiki zuwa ɗan mitsitsi, tsamin da ke taruwa a jininta kuma ƙwaryar ce ke kashe kaifinsa: tana sakin sinadaran kalsiyam da maganiziyam cikin jini, tana kuma tsotse wani ɓangare na tsamin ta adana. Kififiyar kogin Fitzroy a Ostareliya ta mafitar bayan gida take jan oksijin daga ruwa, ta wasu jakunkuna masu yawan jijiyoyin jini. Mai taushin ƙwarya ta ƙasar Sin kuwa, masu bincike a Singafo sun gano a 2012 cewa mafi yawan sinadarin yuriya da ya kamata ya fita ta fitsari, ta baki take fitar da shi, ta tsoma kai a ruwa ta kurkure.

Akwai kuma batun ci. Dabbar da ba ta ƙona abinci don ɗumama jiki, sai dai ta hau kan gungume ta sha hantsi, ɗan kaɗan ke riƙe ta. Shi ya sa ruwa ƙarami kan ɗauki kififiya mai yawan gaske. A wani tafki na jihar Karolina ta Kudu an auna nauyin kififiyar da ke ciki ya haura kilo 800 a hekta guda. Wannan adadi ne da ya kamata a riƙe, domin duk aikin da za a ambata a ƙasa, yawa ne ke sa ya zama aiki. Kififiya goma a kogi abin kallo ne kawai. Dubu goma ne ke canza ruwan.

Aikin da take yi

Cin mushe ne kan gaba, kuma a nan matsayinta a ruwa ya yi daidai da na ungulu a tudu. Kusan duk nau'in da ke cin nama ba ya wuce mushe, manyan masu taushin ƙwarya kuma suna da ƙarfin muƙamuƙin da za su yaga gawar babbar dabba, su buɗe ta ga ƙananan kifaye da ƙaguwa da ƙwari. Abin da zai ruɓe wuri guda ya ɓata ruwa sai ya watsu, wani ya zama tsoka da ƙashi, wani ya fita a kashi kaɗan kaɗan a wurare dabam dabam, inda tsiron ruwa zai iya amfani da shi.

Gwamnatin Indiya ta taɓa ƙoƙarin ɗaukar kififiya aiki a zahiri. A ƙarƙashin shirin tsaftace kogin Ganga da aka ƙaddamar a 1986, an yi kiwon masu taushin ƙwarya a Sarnath, kusa da birnin Varanasi, aka saki dubbai cikin kogin don su cinye ragowar gawarwakin da ba su gama ƙonewa ba da ake zubawa a ruwa. A 1989 aka keɓe kilomita 7 na kogin a matsayin mafakarsu. Shirin bai kai inda aka so ba. Masu kamun sata sun kwashe da yawa, sannan babbar ƙazantar Ganga ruwan masai ne na birane da dagwalon masana'antu, irin na majemun birnin Kanpur, waɗanda babu bakin da zai cinye su. Ina ganin wannan labari ya fi dacewa a riƙa ba masu zuzuta amfanin kififiya fiye da kima. Tana cikin abubuwan da ke riƙe lafiyar kogi mai rai, amma ba ta maye gurbin matatar ruwan datti.

Na biyu shi ne danne yawan wasu halittu. Matan dangin Graptemys a Amurka ta Arewa suna da faffaɗan kai da muƙamuƙi mai murƙushe ɓawo, kuma tun da wata baƙuwar ƙumbar ruwa mai zane ta shigo manyan tafkunan yankin a cikin jiragen ruwa daga Turai ta mamaye ko'ina, an samu wasunsu sun mayar da ita babban abincinsu. A gonakin shinkafa na Tailan da maƙwabtanta akwai Malayemys, wadda kusan katantanwa kaɗai take ci, har da masu cinye dashen shinkafa. Masu cin tsiro su ma suna rage ciyawar ruwa da gansakuka. Nau'i da yawa ma sauya abinci suke yi da shekaru: suna ƙanana ƙwari da tsutsa, in sun girma ganye. Kififiya guda ke nan tana aiki a matakai biyu na jerin ci da ciyarwa a tsawon rayuwarta.

Masunta da yawa a duniya na ɗaukarta abokiyar gaba, mai cinye musu kifi. Gaskiya ne tana ɓarnar kifin da ya maƙale a raga ko ƙugiya, wannan ba a musu. Amma kifi mai lafiya da ke yawo a sarari ya fi ƙarfin gudun yawancinsu. Abin da ake yawan samu a cikinsu in an bincika shi ne tsiro, ƙwari, katantanwa, da kifin da ya riga ya mutu ko ya raunana.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne jigila tsakanin ruwa da tudu. A Amazon ruwa kan shiga daji ya kwana watanni, bishiyoyi da yawa kuma a lokacin suke zubar da 'ya'ya. Manyan kififiyun dangin Podocnemis na bin ruwan cikin daji suna cin 'ya'yan itace. A Kosta Rika an nuna cewa wata baƙar kififiyar kogi na cin ɓaure ta fitar da irin a gaɓa yana da rai. Da yake abinci kan yi kwanaki a cikinta, irin kan yi nisa da uwarsa, wani lokaci har ya haura sama da inda ruwa zai iya kai shi, tun da ruwa gangara kawai ya sani.

Jigilar da ta fi girma ita ce ta ƙwai. Kusan duk kififiya, komai son ruwanta, a tudu take saka ƙwai. Abin da ta tara a jiki daga kogi sai ta haƙa rami a yashi ta binne shi. Mafi yawan ƙwan nan ba ya ƙyanƙyashewa ya kai ruwa: guza da tsari, tsuntsaye, tururuwa, dabbobin dawa masu tono, duk suna da rabo, wanda ya ruɓe kuma ya zama taki ga saiwar ciyawar gaɓa. Waɗanda suka ƙyanƙyashe, zalɓe da tarwaɗa da kada na jiransu. In aka dubi abin daga ɓangaren kififiya asara ce, in aka dube shi daga ɓangaren gaɓar kogi kuwa, abinci ne da ke zuwa kowace shekara a kan lokaci. Girman wannan jigila a da ya wuce yadda ake zato. Masanin halittu ɗan Ingila Henry Walter Bates, wanda ya zauna a Amazon daga 1848 zuwa 1859, ya ƙiyasta cewa ƙwai miliyan 48 na babbar kififiyar Podocnemis expansa ake kwashewa duk shekara a sashen kogin na sama, ana matse mansa don fitila da girki. Wannan na mutane ne kawai, ban da na dabbobi.

Jikinta ma mazauni ne. Akwai wata irin gansakuka da kusan a bayan kififiya kaɗai take tsirowa, ga matsattsaku da ƙananan halittu da ke hawa ta kai su wani tafki in ta yi ƙaura ta tudu. A yammacin Amazon, inda gishiri ke da wuya, malam-buɗe-littafi kan sauka a fuskarta ya sha hawayenta. A wani gandun daji na Afirka ta Kudu an ɗauki hoton Pelomedusa tana cire kaska daga jikin gadu da ya shiga ruwa, ita ɗin dai da aka sha gani a mashayar Etosha ta Namibiya tana fizgar kurciya daga bakin ruwa. Kuma saboda tana daɗewa a wuri guda, gubar da ke ruwa na taruwa a kitsenta da ƙwanta. Shekaru da dama hukumomin Kanada na auna ƙwan kififiya a yankin manyan tafkuna don sanin yawan gubar masana'antu da ta rage a ruwan.

Lissafin da ke kashe ta

Wani nazari da Jeffrey Lovich da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya nuna cewa kashi 61 cikin ɗari na nau'in kunkuru ko dai suna fuskantar barazanar ƙarewa, ko sun riga sun ƙare a wannan zamani. Da wuya a samu wani babban rukunin dabbobi masu ƙashi da ke cikin hali irin wannan. Don a gane dalili sai an dubi yadda rayuwarta ta ginu.

A ɗauki misali. Mace ta fara ƙwai tana da shekara 15, tana saka guda 10 a shekara, ta yi shekara 40 tana yi. Ƙwai 400 ke nan. Don yawan al'ummarsu ya tsaya yadda yake, biyu kawai ake bukata su kai girma, ɗaya ya gaje ta ɗaya ya gaji namijin. Ma'ana tsarin ya riga ya yarda da asarar kusan duk ƙwan. Abin da bai yarda da shi ba shi ne mutuwar uwar. Babbar kififiya a daji kusan ba ta da mai kashe ta, ƙwarya ta gama mata wannan, don haka takan ga shekara ta gaba kusan ko da yaushe. In aka ɗauke ta tana da shekara 20, an tafi da ƙwan shekara 35 da ba ta saka ba tukuna, kuma mai maye gurbinta sai an jira shekara 15.

Ba lissafin takarda ba ne kawai. A wani keɓaɓɓen daji na Jami'ar Mishigan an yi shekaru gommai ana yi wa kififiya alama ana sake kama ta. Justin Congdon da abokan aikinsa sun gano cewa nau'in Emydoidea blandingii ba ya fara ƙwai sai tsakanin shekara 14 zuwa 20. A 2016 aka sake kama wata mace a wurin mai shekara aƙalla 83. A lissafinsu na 1994 kan wani nau'in, Chelydra serpentina, ƙarin mutuwar kashi 10 cikin ɗari na manya a shekara ya isa ya rage yawansu da rabi cikin ƙasa da shekara 20. A gandun Algonquin na Kanada kuwa abin ya faru a fili. A ƙarshen shekarun 1980 karnukan ruwa suka gano inda kififiyun ke kwanan hunturu, suka kashe kusan rabin manyan cikin hunturu uku. Wurin gandu ne mai tsaro, babu farauta, ruwa tsaf. Bayan fiye da shekara 20 aka sake ƙirgawa, yawansu bai dawo ba.

Wannan ne ke ruɗin mai kallo. Mutum zai ga manya sun jeru a kan gungume suna shan rana ya ce ai kififiya na nan lafiya lau. Mai yiwuwa tsofaffi ne zalla, an shekara talatin ba a samu sabon jini ba. Haka lamarin yake a sassan kogin Murray, inda yanyawar Turai da aka shigo da ita Ostareliya a ƙarni na 19 ke tone fiye da kashi 90 cikin ɗari na ramukan ƙwai. Tsarin ya saba da asarar ƙwai mai yawa, amma ba ta kusan duka ba, shekara bayan shekara. Mai son sanin lafiyar kififiya a ruwa, ƙananan zai nema.

Abubuwan da ke ɗauke manyan kuma mata suka fi shafa. Mace ce ke fitowa neman wurin ƙwai ta tsallaka titi, shi ya sa tafkunan da tituna suka kewaye a Amurka maza suka rinjaya a cikinsu. Mace ce ake tsinta a kan yashi, inda ba ta da gudu. Tarkon kifi da ke nutse gaba ɗaya yana shaƙe kowa, tun da dole ta taso ta sha iska. Madatsun ruwa na sakin ruwa ba a kan lokaci ba su nutsar da ramuka, masu ɗibar yashi na kwashe gaɓar kanta, kamar yadda ake fama a kogin Chambal na Indiya, mafakar ƙarshe ta Batagur kachuga mai jan kai.

Sai kasuwa. Daga shekarun 1990 buƙatar kififiya don nama da maganin gargajiya a ƙasar Sin ta kwashe kogunan Biyetnam, Laos, Kambodiya, Miyamma da Indonesiya. A Disamba 2001 jami'an Hong Kong suka kama kusan guda 10,000 a jigila ɗaya. Kiwo ya bunƙasa, har wani bincike na 2008 kan gonaki 684 a ƙasar Sin ya nuna suna sayar da sama da miliyan 300 a shekara, sai dai masu kiwon kan nemi iyaye daga daji, masu saye kuma sun fi daraja na daji. Da Asiya ta yi ƙasa sai ido ya koma Amurka da Afirka, abin da ya sa taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, na 2016 a Johannasbag ya sa masu taushin ƙwarya na Afirka cikin jerin da ake sa wa cinikinsu ido. Ɗaya daga cikinsu, Cyclanorbis elegans, an shekara da shekaru masana ba su gan ta ba sai a 2017 da aka same ta a Farin Nilu a Sudan ta Kudu. Ƙarshen wannan hanya shi ne halin Rafetus swinhoei ta kogin Yangtze. Macen da ke gidan namun dajin birnin Suzhou na ƙasar Sin ta mutu a Afrilu 2019, wata da aka tabbatar a tafkin Dong Mo na Biyetnam a 2020 aka tsinci gawarta a Afrilu 2023. Namijin Suzhou ya rage ba mata.

Zafi ma ya shigo lissafin ta wata ƙofa. A nau'i da yawa, zafin ramin ne ke yanke ko ɗan zai zama namiji ko mace, abin da Claude Pieau ya nuna a Faransa a farkon shekarun 1970. A nau'in Trachemys scripta, digiri 26 maza yake fitarwa zalla, digiri 31 zuwa sama mata. Tazarar ba ta da yawa, don haka sare bishiyar gaɓa ko ɗumamar yanayi na iya karkatar da al'umma gefe guda. Masu taushin ƙwarya ba su cikin wannan, ƙwayoyin gado ne ke yanke nasu.

Ita Trachemys ɗin nan kuma ita ce juyin labarin. Mai jan kunne ta kwarin Mississippi ce ake sayarwa tana 'yar mitsitsiya don kiwon gida. A 1975 Amurka ta hana sayar da duk wadda ba ta kai inci 4 ba a cikin gida saboda cutar salmonela da yara ke ɗauka, sai gonakin suka juya ga ƙetare, aka fitar da sama da miliyan 52 tsakanin 1989 da 1997. In ta girma ta ishi mai ita sai ya sake ta a tafkin da ya fi kusa. Yau tana kowace nahiya ban da Antaktika, tana cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, gwaji a Faransa kuma ya nuna tana ƙwace wa kififiyar Turai wuraren shan rana har ta rame. Yawan kififiya a tafki bai nuna komai ba sai an san wace ce.

Abin da ke aiki

Hanyar da aka fi so ita ce a tattara ƙwai, a ƙyanƙyashe, a rena, a saki. Tana da daɗin hoto, kuma ta ceci wasu: Batagur trivittata ta Miyamma, da aka ɗauka ta ƙare har zuwa farkon shekarun 2000, zuwa 2020 an samu wajen dubu a wuraren kiwo. Amma lissafin da ke sama ya nuna iyakarta. Sakin jarirai dubu a kogin da raga ke shaƙe iyaye ɓata lokaci ne. Matakan da ke tsare manya sun fi arha, sai dai ba su da armashi: barin saman tarkon kifi a waje da ruwa don ta samu iska, ƙuntata bakin tarkon yadda kifi zai shiga ita ba za ta shiga ba, daidaita sakin ruwan madatsa da lokacin ƙwai, da shinge a gefen titi. A tafkin Jackson na jihar Fulorida, wani ɗalibin bincike, Matthew Aresco, ya kafa shingen wucin gadi a gefen babbar hanya yana karkatar da kififiya zuwa kwalbati, cikin 'yan shekaru ya tsallakar da sama da 8,000.

Misalin da ya fi gamsar da ni na kogin Juruá ne a Birazil, inda mazauna gaɓa da kansu ke gadin tsibiran yashi dare da rana a lokacin ƙwai, wasu wuraren tun shekarun 1970. Tun da mai gadi na nan, uwa da ƙwai duka ake tsarewa. Wani bincike da aka buga a 2018 ya kwatanta wuraren da ake gadi da waɗanda ba a yi. A inda babu gadi an kwashe kashi 99 cikin ɗari na ramuka, a inda ake gadi kusan kashi 2. Yawan ramukan Podocnemis expansa ya ninka sau da yawa, sannan tsuntsayen da ke sheƙa a yashi, da kada, da manyan kifaye, duk sun fi yawa a wuraren da ake gadin, ko da yake ba don su aka tsaya ba. Masu binciken sun kuma rubuta cewa ladan masu gadin bai taka kara ya karya ba, galibi ɗan kayan abinci ne, ga barazanar masu kamun sata da suke fuskanta, kuma da yawansu na ganin abin da ake ba su bai kai wahalar aikin ba.